Maigidana ya cika kabad da 'yan bulon roba, ya kuma hana yaransa taɓawa

Assalamu alaikum Inna, barka da aiki. Ni matar aure ce a nan Damagaram, shekararmu 11 da aure, yaranmu uku: namiji ɗan shekara 8, mace 'yar shekara 5, sai auta 'yar shekara 2. Maigidana ma'aikaci ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya raba dare a fada, ban taɓa kama shi da neman mata ba. Damuwata wani abu ne da nake jin kunyar faɗa wa mutane. Shekara huɗu ke nan ƙanensa da ke karatu a Faransa ya kawo wa babban yaronmu tsarabar kwalin Lego, 'yan bulon roban nan da ake harhaɗawa. Yaron bai iya ba, uban ya zauna ya haɗa masa, tun daga ranar abin ya shiga ransa. Yanzu kabad guda ya cika da gidaje da motoci da jirage, ga 'yan mutanen roba sun fi ɗari, makulli kuma yana aljihunsa. Kafin ƙaramar salla na nemi kuɗin ɗinkin yara, ya ce babu, sai da na ɗauki kuɗin adashina na ɗinka masu. Bayan sati biyu na tsinci rasit a aljihun rigarsa, kwali ɗaya jika 85, wato sefa dubu 85. Da na yi magana ya ce jari ne. Watan jiya yaron ya tarar da kabad a buɗe, ya ɗauki ɗan mutum ɗaya ya kai lakwal don ya nuna wa abokansa, hular ta ɓace. Uban ya mare shi, abin da bai taɓa yi ba, ya kuma yi kwana uku ba ya yi masa magana. Yayata ta ce gumaka ne, mala'iku ba sa shiga gidanmu, in ya yi tafiyar aiki in kwashe in ƙona, ko in kai kasuwar Dole in sayar. Zai yi tafiya wata mai zuwa. Inna, in yi?

Uwar yara uku, Damagaram

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya raya zuri'a.

Kada ki ƙona, kada ki sayar, kada ma ki gusar da kwali ɗaya daga inda ya aje shi. Na fara da wannan ne don tafiyar tasa ta kusa, kuma na san zuciya in ta cika takan ga dama a inda babu alheri. Kayan nan dukiyarsa ce, gidan kuma amana ne a hannunki in ya fita. A yau gaskiya na wajenki a kan kuɗin ɗinki da kuma marin yaron, duk wanda aka kai wa maganar zai faɗi haka. Ranar da kika kwashe kayan, babu wanda zai ƙara tuna rasit. Zancen da zai cika dangi shi ne mace ta sayar da kayan mijinta a bayan idonsa, ke da kika zo da ƙara ki koma mai ba da haƙuri. Ga shi wanda zai saya a kasuwar Dole da kuɗin kayan wasan yara na yau da kullum zai taya, kayan da suka ci ɗaruruwan jikkuna su tafi a abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba.

Kin ce kunya kike ji, kamar mijinki ya koma ƙuruciya. Ina so ki tuna ɗakin mahaifiyarki ko na kakarki, da kwanukan jere da suka hau bango: kwalla, samira, tasoshi, an ɗora wani kan wani har kusa da rufi. Ba a cin tuwo a cikinsu. Ana sauke su a wanke a goge a mayar, mai ɗakin ta san adadinsu, ta san wanda ta samu a gara da wanda ta saya da kuɗin sana'arta, yaron da ya kuskura ya ɓare fentin ɗaya kuwa ya san ya yi laifi. Babu wanda ya taɓa cewa hankalinta ya taɓu. Son tara abu mai kyau a jera shi a riƙa kallo yana cikin halin ɗan Adam, namiji da mace. Naki mijin bulon roba ne ya shiga ransa, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin da ke yin su na ƙasar Danmak ne, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Bulon roba ya zo a 1949, sai a 1958 suka yi rajistar tsarin da ke sa bulo ya kama bulo ya riƙe gam, kuma har yau wanda aka yi a wancan zamani yana shiga cikin na bana daidai. 'Yan mutanen da kike gani, masu tsawon kamar santimita huɗu, a 1978 aka fara fitar da su. Yaran da suka yi wasa da su a wancan lokacin, yanzu magidanta ne, da yawansu ba su daina ba, shi ya sa tun 2020 kamfanin ke buga 18+ a jikin wasu kwalaye don a san na manya ne. Akwai kwalin ginin Taj Mahal na Indiya da ya fito a 2008 mai bulo 5,922, akwai na hasumiyar Eiffel ta Faransa da ya fito a 2022 mai bulo 10,001, tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi. Ɗan shekara takwas ba zai iya wannan ba. Aiki ne na haƙuri da natsuwa, a bi ɗan littafi shafi bayan shafi, kuma na fahimci abin da ke jan mutumin da ya wuni a ofis yana fama da takardun da ba sa ƙarewa zuwa ga abin da zai fara da hannunsa ya kuma ga ƙarshensa. Ke da kanki kin lissafa mini abubuwan da ba ya yi. Mata da yawa da ke rubuto mini da dare ba su san inda mazajensu suke ba, naki yana ɗaki.

Amma ban faɗi wannan don in wanke shi ba. Ya yi miki ba daidai ba, kuma abin ya taɓa ni.

Jika 85 kuɗi ne. Ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar nan sau biyu, wanda yake jika 42 tun farkon 2024. Kayan da tsada suke tun daga tushe, don Yuro ɗaya ya kusa sefa 656, kwalin Yuro 100 ke nan ya haura jika 65 tun bai bar Faransa ba, kafin a sa kuɗin kawowa. Da ya sauke haƙƙin gida ya sayi abinsa da abin da ya rage, da ba ni da ta cewa, ke ma haka. Tufatar da yara wajibinsa ne, ba naki ba. Ya ce miki babu alhali akwai, ya bar ki kika fasa adashinki, kika kuma ji gaskiya daga aljihun riga maimakon daga bakinsa. Nan ciwon yake. Na tabbata da ya zo ya ce miki "na yi wauta, na riga na tura kuɗin kwali, ki rufa mini asiri wannan salla in biya ki a ƙarshen wata", da kin yi fushi na yini ɗaya kin huce. Kalmar "babu" ce ta sa yanzu duk sanda ya ce babu sai zuciyarki ta tafi kabad.

Batun jari kuwa, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa yake da haɗari. Kamfanin yakan daina buga kwali bayan 'yan shekaru, wasu daga cikin waɗanda aka daina kuɗinsu yakan hau a hannun masu tarawa a Turai da Amurka. Sai dai wanda ya fi hawa shi ne kwalin da ba a taɓa buɗewa ba, nasa kuwa duk ya buɗe ya haɗa. Sa'an nan wa zai saya a nan? Jari shi ne abin da in ciwo ya tashi da tsakar dare za ka iya mayar da shi kuɗi kafin azahar. Tunkiya tana yin haka a Damagaram, bulon roba sai an nemo mai saye a wata ƙasa, an biya kuɗin aikawa, an jira. Akwai kuma jabu. A 2019 'yan sandan ƙasar Sin sun rufe masana'antar wani kamfani mai suna Lepin da ke kwafar kwalayen Lego sak, kuma irin waɗannan kaya ba su ƙare a kasuwa ba. Na ainihi akwai sunan LEGO a rubuce a saman kowane ɗan tudun da ke kan bulo. In akwai waɗanda ya saya a hannun 'yan kasuwa ba ta wajen ƙanensa ba, ya duba. Saboda haka kada ki yarda a kira abin jari. Sha'awa ce, a kira ta da sunanta, a yanka mata kasonta. Sha'awar da aka san iyakarta ba ta cin gida.

Yanzu yaron, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Ki lura da yadda abin ya faro: tsarabarsa ce. Baffansa shi ya kawo wa, uban ya karɓa don ya taya shi, daga nan kwalin bai dawo hannunsa ba. Shekara huɗu yana kallon abin ta gilashi. Da ya samu ƙofa a buɗe bai fasa komi ba, bai sayar ba, ya ɗauki ɗaya ne ya je ya nuna wa abokansa. Yaro ba ya kai abu lakwal sai abin da yake alfahari da shi, abin da yake son faɗa wa 'yan ajinsu shi ne "ku ga abin da babana ke da shi". Sakamakon da ya samu mari ne da gaba ta kwana uku. Ɗaukar abu ba izini laifi ne, a yi masa faɗa a kai. Amma ɗan shekara takwas ya isa ya yi lissafi, kuma lissafin da zai yi shi ne hular roba ta fi shi daraja a wajen ubansa. Wannan ba ya gogewa da kansa, sai uban ya goge shi da bakinsa. Hular kuwa ana samun irinta. Akwai kasuwar intanet mai suna BrickLink, tun 2000 take, kamfanin Lego ya saye ta a 2019, inda ake sayar da ɓangarori ɗaya-ɗaya, kai daban, hula daban, ƙafafu daban. Mai tara waɗannan kaya ya san da ita, ƙanensa na iya sayo masa ya haɗo da saƙo.

Makullin dai kada ki nemi a cire shi. Kina da 'yar shekara biyu, kan ɗan mutum ɗaya bai kai ƙwayar gujiya ba, yaro ƙasa da shekara uku kuma komi baki yake kaiwa. Gargaɗin yana jikin kwalayen. Don irinta ne aka yi manyan bulon da ake kira Duplo tun 1969, waɗanda suka fi ƙarfin haɗiya. Abin da za ki nema shi ne a riƙa buɗe kabad ɗin a wani lokaci sananne, a ce ranar Lahadi bayan la'asar, auta na bayanki ko tana barci, a shimfiɗa tabarma, uba da manyan yaran biyu su zauna. Ya ware waɗanda ransa ba zai jure a taɓa ba su zauna a sama, wannan haƙƙinsa ne. Sauran a sauko da su, kwalin farko kuma a mayar wa mai shi. In yana tsoron ɓarna, akwai bulon wasu kamfanoni masu araha da ke shiga cikin na Lego, a cika wa yaran roba guda ta zama tasu. Ba dole sai abin da ke cikin littafin za su gina ba. Su je tsohuwar unguwar Birni su kalli gidajen ƙasa masu zankwaye da zane a fuska, su tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Damagaram su ƙare mata kallo, su dawo su gwada fitar da ita da bulo. Babu kwalin da aka taɓa bugawa da wannan, sai dai su su ƙirƙira. Mutumin da ya shekara huɗu yana haɗa abu shi kaɗai a ɗaki, ina kyautata zaton yana ƙishin wanda zai nuna wa, ga shi kuwa Allah ya ba shi a cikin gidansa.

Maganar yayarki ba abin yasarwa ba ce, amma ta yi gaggawa. Gidaje da motoci da jirage babu rai a siffarsu, ba su shiga wannan zance ba. Zancen yana kan 'yan mutanen. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a nan, sun hana mutum-mutumin abu mai rai in yana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinsa sun cika, sun kuma yi rangwame a kan 'yar tsanar yara. Hujjarsu ita ce Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim, a ruwayar Abu Dawuda ma har da doki mai fukafukai a cikinsu, ya gani ya yi dariya bai hana ba. Malamai da yawa sun shigar da kayan wasan yara gaba ɗaya cikin wannan rangwame. Inda suka fi tsanantawa shi ne babba ya jera su don ado. Kin ga ke nan ko ta nan aka bi, sauko da su cikin wasan yara ya fi kusa da sauƙi a kan a kafe su a bayan gilashi. Hukuncin gidanku dai fatawa ce, a nema wajen mai ita. Shi maigidan ya ɗauki ɗaya a aljihu ya kai wa malamin da ya yarda da iliminsa, ya gani da idonsa, a yi aiki da abin da ya ce. Kafin nan a zuba su a akwati mai murfi, kada su tsaya a ɗakin da ake salla. Kalmar gumaka kuwa ki roƙi yayarki ta bar ta. Gunki abin bauta ne, mijinki musulmi ne mai salla, kuma kalma irin wannan in ta fita daga gida ta shiga unguwa ba ta dawowa.

Ki yi maganar kafin ya yi tafiya, kada ki bari sai ya dawo. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta. Kada ki fara da rasit. Ki ce ya buɗe kabad ya nuna miki wanda ya fi so, ki tambaye shi kwana nawa ya yi yana haɗa shi, ki saurara da gaske. Ina zaton a shekara huɗun nan babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya a gidan, kuma mai ɓoye abu sau da yawa tsoron dariya ne ke sa shi ɓoyewa. In ya saki jiki sai ki ce: "Abban yara, ban ƙi abin nan ba, kuma ba zan taɓa shi ba. Abu biyu ne suka yi mini ciwo, ranar da ka ce babu, da ranar da ka mari yaron nan." Ki tsaya nan, kada ki jawo laifin bara da na bariya. Ki nemi ya mayar miki da kuɗin adashinki, ko da kaɗan-kaɗan ne, don haƙƙinki ne kuma biyan zai riƙa tuna masa. Ku yanka abin da zai riƙa warewa duk wata bayan cefane, kuɗin makaranta, magani da tanadin salla sun fita. In kwalin da yake so ya fi kason, ya tara wata uku ko huɗu. Ya kuma riƙa faɗa miki kafin ya saya.

In kin ga fuska, ki isar masa da wannan daga gare ni, don kayan da aka kashe wa kuɗi haka bai kamata su lalace ba. Rana tana mayar da farin bulo ruwan ɗorawa, kada kabad ya fuskanci taga. Kamfanin da kansa ya ce kada ruwan wanke su ya wuce zafin digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu iskar gari ma takan wuce haka, balle ɗaki mai rufin kwano ko cikin mota, sai ya nema masu wuri mafi sanyi a gidan. Ƙurar hunturu a share ta da burushi mai laushi. Kwalaye da 'yan littattafan a ɗaga su daga ƙasa saboda gara.

Mai yiwuwa ne ya ƙi saurara, ko ya amsa da baki ya ci gaba da yadda yake. In salla ta sake zuwa ya ce babu alhali sabon kwali ya shigo, ko kuɗin makaranta ya makara saboda haka, ko ya sake ɗaga wa yaro hannu a kan roba, to maganar ta fi ƙarfin ku biyu. Ki samu babban wansa ko wani dattijo da yake jin nauyi a danginsu, mutum ɗaya mai riƙe sirri. Ki kai ƙarar ciyarwa da tufatarwa da marin, da rasit a hannunki, kada ki kai ƙarar kayan wasa, don in kika fara da su dariya za a yi a sallame ki, shi kuma ya ji kin tozarta shi. Yaron kuma kada ki jira uban. Tun yau ki zaunar da shi ki gaya masa ɗaukar abu ba izini kuskure ne, amma babansa na sonsa fiye da duk abin da ke cikin kabad ɗin, kuma za a samo wata hular.

Ki sake rubuto mini bayan ya dawo daga tafiyar, ina son jin yadda kuka ƙare.

Inna